Isnadin Masu Ƙidayar Tabon Rana

Ranar da aka fara danƙa mini fensir da takarda a ƙaramin gidan duban rana inda na yi karatu a Turai, sai na ji kamar an tauye mini haƙƙi, domin ni na baro gida ne da burin sanin asirin taurari masu nisa da yadda Ubangiji ya tsara su gungu-gungu, ga shi kuwa an ce in riƙa tsayawa kowace hantsi gindin wani tsohon madubin hangen nesa, in jefa hoton rana a kan farar takarda mai da'ira, in bi baƙaƙen ɗigon da ke fuskarta ina zanawa, aikin da a ganina ɗan elementare ma zai iya. A sati na biyu na kai wa malamina zane mai tabo bakwai ina ji da kaina. Bai ce uffan ba, sai ya miƙa hannu ya murɗa gilashin da ke bakin madubin, nan take biyu daga cikin tabon nawa suka juya tare da shi, biyar suka tsaya cik. Ashe ƙura ce. Ya ce in share su da kyau, gama littafin da ƙidayata za ta shiga an buɗe shi tun ba a haifi kakan kakana ba.

Shi dai tabon rana ba sabon abu ba ne ga idon ɗan Adam. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda hazon hunturu kan mai da rana kamar jan faifai gab da faɗuwarta, kuma a irin wannan hali ne masanan Sin na dā suka riƙa hango manyan tabo suna rubutawa, ko da yake ba na ba kowa shawarar ya gwada, don ido ba shi da madadi. Da madubin hangen nesa ya samu, sai Harriot a Ingila a 1610, da Fabricius da Galileo da Scheiner a bayansa kaɗan, suka shiga zana su suna jayayya a kan ko mene ne su. Amma wanda ya gano cewa abin yana da ƙa'ida ba shehin jami'a ba ne, wani mai kantin magani ne a garin Dessau na Jamus, Heinrich Schwabe, wanda tun 1826 ya duƙufa yana neman wata duniya da ake zaton tana tsakanin Uɗaridu da rana, yana zana tabon don kada ya rikita su da abin nemansa. Shekara goma sha bakwai yana wannan, duniyar ba ta bayyana ba, sai dai a 1843 ya lura tabon kan yawaita su ragu, su sake yawaita, kamar bayan shekara goma-goma.

Daga nan silsilarmu ta fara. A 1848 Rudolf Wolf, a birnin Bern na Suwizalan, ya ƙago hisabin da har yau da shi muke aiki: a ƙirga gungun tabo a ninka sau goma, a ƙara adadin tabon ɗaya-ɗaya. Gungu uku masu tabo ashirin sun zama hamsin ke nan, tabo guda tilo kuwa sha ɗaya, abin da kan ɗaure wa baƙo kai. Da ya koma Zurik sai ya shiga tonon tsofaffin littattafai da zane-zanen matattu, har ya mai da lissafin wata-wata baya zuwa 1749, ya kuma daidaita zagayen a kan shekara goma sha ɗaya da ɗan ɗoriya. To, da yake idon wani ba idon wani ba ne, madubai kuma sun bambanta, sai ya yanka wa kowane mai dubawa wani adadi nasa na kansa da za a ninka ƙidayarsa da shi don ta dace da ta Wolf. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane wannan nan da nan, domin shi ne ilmin sanin maruwaita: wane mai kiyayewa ne, wane yakan ƙara, wane ƙwaƙwalwarsa ta raunana da tsufa.

Wolf ya rasu a 1893, almajirinsa Alfred Wolfer ya gaje shi. Shi Wolfer mai kaifin ido ne, yana ƙirga har ƙananan ɗigon da malaminsa ke ƙyalewa, kuma da aka gwada abin da suka rubuta a shekarun da suka yi suna dubawa tare, sai aka ga dole a ninka nasa da 0.6 kafin ya yi daidai da na marigayin. Haka wannan 0.6 ta bi mu fiye da shekara ɗari, ladabin almajiri ga malami ya zama doka a kan mutanen da ba su taɓa ganin ɗayansu ba. Brunner ya karɓa a 1926, Max Waldmeier a 1945, sannan a 1981 amanar ta koma gidan duban taurari na masarautar Beljiyam a Burasels, aka ɗauki tashar duban rana ta Locarno ta zama ma'auni. A gefe guda kuma akwai masu haƙuri irin Hisako Koyama ta Tokyo, wadda ta bar zane fiye da dubu goma da madubi ɗaya da hannu ɗaya, irin riwayar da ake gwada sauran riwayoyi a kanta.

Abokan karatunmu masu binciken taurari masu nisa sukan yi mana ba'a, su ce mu masu ƙirgar ƙuraje ne. Ban cika jin haushi ba, tun da tarihi ya riga ya ba su amsa. Ran 1 ga Satumba 1859 Richard Carrington yana cikin zana wani babban gungu ya ga farin haske ya ɓarke a cikinsa, kashegari wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka, har wasu suna tartsatsin wuta. A 1908 George Hale a Dutsen Wilson na Kalifoniya ya tabbatar cewa tabo matattarar maganaɗisu ne mai ƙarfi, daga baya kuma aka gane maganaɗisun ne ke tare zafin da ke tasowa daga ciki, shi ya sa wurin kan tsaya wajen digiri 4,000 alhali kewayensa yana kusan 5,500, sai ya yi baƙi a ido ba don ba shi da haske ba. A Maris 1989 kuwa irin guguwar ranar da ta rikita tangaraho ta kashe wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada har sa'a tara.

Fitinar da ta fi girgiza mu daga cikin gida ta taso. A 1998 wasu masana biyu, Hoyt da Schatten, suka fito da wani lissafi wanda gungu kawai yake ƙirgawa, ya kuwa saɓa wa na Wolf a ƙarni na 19 da abin da ya gabace shi, har masu nazarin yanayin duniya suka rasa wanne za su riƙe, wasu kuma suka kafa hujja da cewa rana ta yi wani tashi a ƙarni na 20 wanda ba ta taɓa yin irinsa ba. Sai aka shiga tarurruka daga 2011, na farkon a wani ƙauyen jihar New Mexico wanda, don ikon Allah, sunansa ma Sunspot, watau tabon rana, aka baje silsilar ana bin ta mutum-mutum. Nan aka ga cewa tun wajen 1947, zamanin Waldmeier, an riƙa ba babban tabo nauyi fiye da ɗaya, lissafi ya kumbura; aka ga kuma ma'aunin Locarno shi ma ya ɗan karkace da shekaru. Ran 1 ga Yuli 2015 aka fitar da gyararren lissafi, aka yi sallama da 0.6, tashin da ake faɗa na ƙarni na 20 kuma ya ragu ƙwarai, ya zama bai fi na ƙarni na 18 da wani abin kirki ba.

Yau jiragen sararin samaniya irin su SOHO, wanda aka harba a 1995, suna kallon rana dare da rana, babu gajimare babu ƙura, kuma matasa sukan tambaye ni abin da ya hana a bar wa kwamfuta ƙidayar. Nakan ce musu kwamfuta ba ta yi zamani da Wolfer ba, kuma sai ta shekara da shekaru tana ƙirga kafaɗa da kafaɗa da mai fensir kafin a san adadin da za a yanka mata. Ni kaina da aka bi ƙidayata aka gwada da ta sauran tashoshi, an tarar tun da na fara sa tabarau nake tsallake ƙananan ɗigo, aka canja mini adadina, na sa hannu.