Ingancin Antibodin da Ake Gano PPARγ da Su a Ƙwayoyin Kitse

Gabatarwa

Cikin furotin 48 masu karɓar saƙo a cibiyar ƙwayar halittar ɗan Adam, PPARγ ne ke mayar da ƙwaya ma'ajiyar kitse, kamar yadda Tontonoz da Spiegelman suka nuna a 1994. Ɗan'uwansa PPARα, wanda Issemann da Green suka gano a 1990, shi ke kula da ƙona maiƙo a hanta. Galibi da antibodi ake gano su a ɗakin gwaji.

Har yanzu wasu masana na ganin cewa in an jiƙa antibodi da guntun furotin ɗin da aka haɗa shi dominsa, layin da yake nunawa a gwajin Westan kuma ya ɓace, to magana ta ƙare. Ban yarda ba. Iyakar abin da wannan gwaji ya tabbatar shi ne antibodin na kama guntun nasa. Duk wani baƙon furotin da ya saba kamawa, layinsa ma zai ɓace tare. A 2017 Andersson da abokan aikinta sun gwada antibodi 13 na ERβ, wanda danginsu ɗaya da PPARγ, guda ɗaya tak ya tsallake.

Hanyar Bincike

Na kwatanta jerin amino asid na nau'o'in PPAR guda uku, na kuma bi abin da aka wallafa kan ƙwayoyin ɓera na 3T3-L1.

Sakamako

PPARγ iri biyu ne. Na biyun ya fi na farko da amino asid 28 a mutum, 30 a ɓera, duk a farkon sarƙar. Saboda haka antibodin da ke kama ƙarshen sarƙar dole ya nuna layi biyu kusa da juna a gwajin Westan. Lokacin fitowarsu ma shaida ce. Kafin ƙwayoyin su nuna, layukan da ƙyar ake ganinsu; suna fara nuna sai layukan su yi kauri, sannan ɗigon maiƙo ya cika ƙwayoyin, rinin Oil Red O ya yi ja wur. Layi ɗaya tilo da bai canza ba daga ranar farko zuwa ta takwas abin zargi ne, ko da ya tsaya daidai inda kamfanin da ya sayar da antibodin ya ce. Tsakanin kilodalton 50 da 57 wuri ne mai cunkoso: tubulin na nan, babbar sarƙar IgG ma na nan, musamman in da antibodi aka fara tsamo furotin ɗin. Ga shi kuma sashen da ke kama DNA kusan iri ɗaya ne a PPAR ukun.

Raba gardama shi ne a kashe ƙwayar gadon a ga ko layukan za su tafi. Tayin ɓeran da aka cire wa PPARγ gaba ɗaya yakan mutu wajen kwana goma saboda lalacewar mabiyiya, kamar yadda Barak ya ruwaito a 1999, don haka CRISPR ko siRNA a cikin ƙwayoyin ya fi dacewa.

Iyakar Binciken

Na amince 3T3-L1 na ɓera ne, kuma hujjar layi biyu ba ta aiki a naman da aka daskarar da fomalin. Antibodin da aka ɗebo daga jinin zomo ma yakan bambanta daga zubi zuwa zubi, sai an sake gwada kowace sabuwar kwalba.