Yadda Ruwa Ya Shiga Bangon Gidajen Ƙofar 'Yandaka

A shekarar 1903, lokacin da Gwamna Lugga ya shigo birnin Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, babu gida ko ɗaya a unguwar da ruwa ke bi ta cikin bangonsa. Gidajen kakanninmu na ƙasa ne, tubali da azara, kuma maginansu sun san ruwa ne babban abokin gabar irin wannan gini. Shi ya sa duk dabararsu ta fitar da shi ce. Indararo ya cilla ruwan soro nesa da gindin katanga, rariya ta kwashe na tsakar gida zuwa lungu, lungu ya miƙa shi ga kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin tun farko. Rijiya tana gefe, salga tana can ƙuryar gida, an raba su da tazara. Ruwan da ke kwana a ɗaki shi ne na randa. Kafin damina ta faɗi a sake yaɓe, a shafe bango da makuba, gyaran shekara ya ƙare ke nan.

Daga zamanin Sarki Muhammadu Dikko zuwa na ɗansa Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, siminti da kwano suka riƙa kutsowa cikin gari sannu a hankali. Mai hali ya lulluɓe bangon ƙasa da siminti don ya huta da yaɓe. Sai dai bangon ƙasa yana shan danshi ya fitar, siminti kuwa yana kulle shi a ciki. Ta waje ka ga gini sumul, ta ciki ƙasa na ruguɓewa. Famfo shi ma ya zo, amma ya fara tsayawa a bakin titi, inda yara ke jera bokitai.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970, da kuɗin mai suka yawaita aka gina madatsar ruwa ta Ajiwa don shayar da birni. A nan ne muka buɗe wa ruwa ƙofa da hannunmu. Ja famfo zuwa cikin gida ya zama abin alfahari, har ya shiga cikin abin da ake faɗa in ana yabon gidan da za a kai amarya. Aka sassaƙe bangon da ya haura shekara hamsin aka binne bututun ƙarfe a ciki. Aka kawo masai na zamani mai tafiya da ruwa, aka haƙa masa sokawe a duk inda fili ya samu, sau da yawa taku kaɗan daga rijiyar da kaka ya haƙa. Ba wanda ya zana taswirar inda bututu ya bi. Mai gyaran famfon da ya yi aikin ne kaɗai ya sani, shi kuwa yau Allah ya jiƙan rai.

Da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, jama'a suka ninka, ruwan Ajiwa ya kasa kaiwa ko'ina. Famfo ya koma zuwa jefi-jefi, 'yan garuwa suka cika lunguna da kurarsu, masu kuɗi suka haƙa rijiyar burtsatse suka ɗora tanki a sama. Bututun da ke jiƙewa yau ya bushe gobe ya fi saurin tsatsa, haka na cikin bangon suka riƙa cinyewa ba mai gani. A lokaci guda aka cike kududdufai aka yi gini a kansu, tituna kuma suka yi ta samun ciko har wasu zauruka suka koma ƙasa da hanya. Madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma an gama ta tun 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kawo ruwanta. Labari ne mai daɗi, sai dai duk ranar da ruwa ya zo da ƙarfi, tsohon bututu ne ke fara tona asirin kansa.

Gidan da dillali ke nuna wa mai saye a yau, galibi na gado ne da magada suka rasa yadda za su raba, kuma duk waɗannan zamunan suna kwance a cikinsa: ƙasa a ciki, siminti a kai, ƙarfe a tsaka, roba an jona masa, tayil ya rufe komai. A ganinmu fenti ne abu na ƙarshe da ya kamata ya ɗauki hankalin mai saye. Waɗanda suka san harkar sukan jira watan Agusta su je duba gida bayan an ɗauke ruwan sama. Su ƙwanƙwasa gindin bango su ji ko ya yi holoƙo, su auna tsakanin sokawe da rijiya, su tambayi maƙwabci inda kwatarsa ke zuba, domin a cikin gari katanga ɗaya kan raba gida biyu, yoyon wancan ne rushewar wannan. In an zo gyara kuma, ba su tsayawa neman tsohon bututu. Toshe shi suke yi daga bakin titi, su ja sabo na roba ta saman bango inda ido ke ganinsa, ko da uwargida ta ce bai yi kyan gani ba.