Tsohuwar Bindigar Farauta Mai Liba: Asalinta, Amfani da Ita, Kulawa da Matsayinta a Doka

Gabatarwa

Bindiga mai liba wata irin doguwar bindiga ce wadda ake ɗura mata harsashi ta hanyar jan wani mariƙin ƙarfe da ke ƙarƙashinta, a kewaye da kunama. Wannan mariƙi shi ake kira liba. Asalin bindigar daga ƙasar Amurka ne, kuma can ta fi yawa a hannun manoma, makiyaya da mafarautan barewa. A nan ƙasar mafi yawan maharba bindigar toka suke riƙewa, ko mai baki biyu, don haka wanda ya gaji mai liba ko ya ci karo da ita sau da yawa bai san yadda take aiki ba. An tsara wannan bayani ne domin jama'ar karkara, masu unguwanni, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su gane cewa tsufan bindiga ba ya rage haɗarinta, ba ya kuma fitar da ita daga ƙarƙashin doka.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1860 wani maƙeri mai suna Benjamin Tyler Henry ya fito da bindigar da aka sa wa sunansa a garin New Haven na Amurka. Tana ɗaukar harsashi goma sha biyar a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bututun harbi, a zamanin da yawancin sojoji ke ɗura bindiga ta baki, harbi ɗaya bayan ɗaya. An yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Daga ita ne kamfanin Winchester ya samar da samfurin 1866, sannan na 1873 wanda ya shahara matuƙa a yammacin ƙasar.

Bayan haka John Moses Browning ya tsara wa kamfanin samfura huɗu masu ƙarfi: 1886, 1892, 1894 da 1895. Samfurin 1894 shi ya fi kowanne bazuwa, domin an ƙera fiye da miliyan bakwai. A 1895 aka haɗa shi da harsashin da ake kira .30-30, ɗaya daga cikin harsasan farauta na farko a Amurka da aka yi da sabon albarushi marar hayaƙi. Samfurin 1895 kuwa shi ne tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya tafi da shi farauta gabashin Afirka a 1909. Wasu kamfanonin ma sun ƙera nasu, kamar Savage 99 da Marlin 336, wadda ta fito a 1948.

A 1964 kamfanin Winchester ya sauya hanyar ƙira domin rage kuɗin da ake kashewa, shi ya sa masu tara kayan tarihi suka fi daraja waɗanda aka ƙera kafin wannan shekara. An rufe masana'antar New Haven a 2006, daga baya kamfanin Miroku na Japan ya ci gaba da ƙera samfurin.

Yadda Take Aiki

Ana cusa harsasai ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa da ke gefen dama, su jeru a cikin bututun ajiya, hancin kowanne yana taɓa gindin na gabansa. Idan aka tura liba ƙasa, abubuwa uku ke faruwa a lokaci guda: kwanson da aka harba ya fita, 'yar gudumar da ke bayan bindigar ta ɗanu, sabon harsashi kuma ya taso. Idan aka mayar da liba sama, harsashin ya shiga mazauninsa a gindin bututun harbi. Daga nan bindiga ta shirya, taɓa kunama kawai ya rage.

Gajeren samfurin 1894 yana da bututu mai tsawon inci 20, wato kimanin santimita 51, nauyinsa kuma wajen kilo uku. Dalmar harsashin .30-30 tana da nauyin giram goma zuwa goma sha ɗaya, tana fita da gudun da ya kai kimanin mita 700 a daƙiƙa guda. Mafarauta ba sa harbin dabba da ita fiye da tazarar mita 150 zuwa 200, domin daga nan dalmar takan yi ƙasa sosai. To amma idan aka kuskure, tana iya tafiyar fiye da kilomita biyu kafin ta faɗi. Wannan babban bambanci ne tsakaninta da bindigar toka, kuma dole ne mai harbi ya san abin da ke bayan abin da ya auna, ko gona ce, ko ruga, ko hanyar kasuwa.

Haɗurran da Suka Keɓanta da Tsohuwar Mai Liba

1. Rashin makulli. Samfurin 1894 bai sami makullin kariya na dannawa ba sai a 1992. Waɗanda aka yi kafin nan suna dogara ne da tsayar da guduma a rabin hanya. Idan wannan gurbi ya cinye saboda tsufa, faɗuwar bindiga ƙasa na iya tayar da ita. Hanya mafi aminci ita ce a riƙa tafiya da ita babu harsashi a mazauni.

2. Sauke harsasai. A yawancin tsofaffin samfura, ba a fitar da harsasai sai an riƙa jan liba har su ƙare, kuma kowane ja yana ɗana guduma. A nan ne harbin kuskure ya fi aukuwa. A fuskantar da bakin bindiga ga ƙasa mai laushi, a janye yatsa daga kunama, sannan bayan an gama a leƙa da ido a tabbatar babu saura, domin tsohon bututu mai datti yakan riƙe harsashi guda ya sake shi daga baya.

3. Harsashi mai tsini. Tun da harsasai a jere suke, tsinin ɗaya yana iya dukan ƙyastun na gabansa, wato ɗan faifan da ke tsakiyar gindin kwanso wanda ke kunna albarushi. Hakan kan fasa bututun ajiya a hannun mai harbi. Saboda haka harsashi mai faffaɗan hanci ko mai mulmulallen hanci aka tanadar wa wannan bindiga.

4. Harsashin da bai dace ba. Ana buga lambar harsashin kowace bindiga a jikin bututunta, kuma ba a sa mata wani daban ko da ya shiga. Samfuran farko, kamar na 1873, an yi su ne domin baƙin albarushi mai ƙarancin matsi, kuma harsashi mai ƙarfi na zamani yana iya tarwatsa su.

5. Toshewar bututu. Laka, tsumma ko gidan zanzaro a cikin bututu sun isa su fasa shi. Idan ƙarar harbi ta fito da rauni ba kamar yadda aka saba ba, a dakata, wataƙila dalma ce ta maƙale a ciki.

Kada a harba bindigar da ta daɗe a ajiye sai ƙwararren mai gyara wanda hukuma ta ba izini ya duba ta. Haka kuma a toshe kunnuwa lokacin harbi, a wanke hannu bayan taɓa dalma.

Kulawa da Ajiya

Kafin kowane irin gyara ko shara, a buɗe liba a tabbatar bindiga babu komai a cikinta. Ana share bututu da siririyar sanda mai burushi da ƙyalle mai tsabta, a bi da man bindiga kaɗan. Samfurin 1894 ta baki ake share shi, don haka a kula kada sandar ta riƙa gugar leɓen bututu, domin idan wurin ya lalace saiti ya tafi ke nan. Marlin 336 kuwa ana iya cire libarta a share ta daga baya. Idan an yi harbi da baƙin albarushi ko tsohon harsashi, a wanke bututu da ruwan zafi a ranar, a busar da shi sarai, sannan a shafa mai, saboda ragowar tokar tana jan danshi ta haifar da tsatsa.

Yanayin ƙasarmu yana buƙatar lura iri biyu. Da damina danshi ne abokin gaba, sai a riƙa goge ƙarfen da ƙyalle mai ɗan maiƙo, kada kuma a bar bindiga cikin gidan fata ko a naɗe da bargo. Da hunturu ƙura ke haɗuwa da mai ta zama kamar yashi a cikin gaɓoɓinta, don haka a rage man. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, domin sukan daskare su yi danƙo. Mai da ya yi yawa yakan gangara cikin katakon gindi ya raunana shi, shi ya sa ake jingine bindiga bakinta a ƙasa idan za ta daɗe. Kankare ƙarfe da takardar yashi ko yi masa fenti yana zubar da darajarta, goge lambar da ke jikinta kuwa kan jawo wa mai ita tuhuma.

Wajibi ne a kulle bindiga a wuri guda, harsasai a wani wurin daban, inda yara da baƙi ba za su kai ba.

Matsayinta a Dokar Najeriya

Dokar Makamai ta 1959, kamar yadda take a kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Na biyu su ne na amfanin mutum, kamar bindigogin farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin su bindigar toka, waɗanda sha'aninsu ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Abin lura a nan shi ne dokar ta rarrabe dogayen bindigogi ne da faɗin bututu, ba da shekaru ba. Ta lissafa milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303 a sahun bindigogin soja. Faɗin bututun .30-30 ya yi daidai da wannan awo, saboda haka kada mai ita ya yanke wa kansa hukuncin cewa ta farauta ce kurum. Hukumar 'yan sanda ce za ta tantance rukuninta. Dokar ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga mai riƙe da haramtacciyar bindiga babu lasisi.

Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, a 2024 kuma aka sa hannu kan dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Don haka a nemi bayanin halin da ake ciki a hedikwatar 'yan sanda ta jiha kafin a ɗauki kowane mataki.

Lasisi ba ya shiga gado. Idan mai bindiga ya rasu, dokar ta ba magada kwana goma sha huɗu kawai su riƙe ta. Ya kamata mai unguwa ko dagaci ya tunatar da iyalin mamaci, ya kuma raka su ofishin 'yan sanda mafi kusa, su kai rahoto kafin su ɗauko bindigar, domin kada a tare su da ita a hanya. Haka nan a sanar da hukuma nan take idan ta ɓace ko an sace ta.

Lasisin bindiga kuma ba izinin farauta ba ne. An haramta farauta a gandun daji na ƙasa, irin su Gashaka-Gumti, Kamuku da Kainji, da kuma gandun Yankari. Duk mai neman izinin farauta sai ya tuntuɓi sashen kula da gandun daji na ƙaramar hukumarsa ko ma'aikatar muhalli ta jiha.