Izini Biyu da Haɗarin Tenerife

Tun daga shekarar 1920, lokacin da aka fara ajiye mutum a filin jirgin sama na Croydon, kusa da Landan, domin ya riƙa shiryar da matuƙa, wannan sana'a ta jingina a kan maganar da ke gudana tsakanin matuƙi da mai kula da hasumiya. Bayan da ƙasashe suka hallara a birnin Shikago a 1944, suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, daga baya kuma aka yi ittifaƙi a kan a riƙa amfani da Ingilishi a sararin sama, mutane da yawa sun ɗauka an gama magana. Alhali kuwa haɗa harshe daban, haɗa ma'ana daban.

Bisa ƙa'ida, izini biyu matuƙi ke nema kafin ya rabu da ƙasa. Na farko shi ne izinin hanya, inda ake karanta masa tafarkin da zai bi bayan ya tashi, da tsayin da zai hau. Na biyu shi ne izinin tashi kansa, wanda ba a bayar da shi sai an tabbata titi ba kowa. Wanda ya samu na farko, ya yi aiki da shi a matsayin na biyu, ya yi kama da wanda ya ga an idar da alwala ya ɗauka an tayar da salla.

Ranar Lahadi, 27 ga Maris, 1977, bam ya fashe a filin jirgin Gran Canaria, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, saboda haka aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife. Cikinsu akwai manya biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Fili ya cushe har jirage suka toshe hanyar gefe, ya zama dole mai son tashi ya bi ta kan titin tashi kansa zuwa ƙarshensa, ya juyo. Da yamma ta yi, hazo mai kauri ya sauko, har mai hasumiya ba ya ganin jiragen, su ma ba su ganin juna, filin kuma ba shi da na'urar da ke nuna motsin jirage a ƙasa.

Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, ba ɗan koyo ba ne. Shi ne shugaban horar da matuƙan wannan samfurin a kamfanin, hotonsa ma yana cikin tallan kamfanin. Sai dai dokar Holan ta ƙayyade sa'o'in aiki, lokaci kuwa yana ƙurewa, ga hazo yana ƙaruwa. Da ya juyo ya fuskanci titi, mataimakinsa ya nemi izini, mai hasumiya ya karanta musu izinin hanya, cikin lafazinsa kuma kalmar tashi ta fito, domin yana bayanin abin da za su yi bayan sun tashi. Mataimaki na cikin maimaitawa, kyaftin ya saki birki ya ba injuna wuta, shi kuwa mataimaki ya rufe da wata jumla mai shubuha, wadda ana iya fahimtarta da cewa suna tsaye a wurin tashi, ana kuma iya fahimtarta da cewa sun fara gudu. Mai hasumiya ya amsa da to, ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan daƙiƙa matuƙan Pan Am, da suka biyo bayan KLM ta kan titin, suka danna tasu rediyon suna sanar da cewa har yanzu suna kan titi, muryoyin biyu suka ci karo suka zama ƙara, abin da ya isa kunnen mutanen KLM sosai shi ne to ɗin nan kaɗai.

Injiniyan jirgin, Willem Schreuder, ya ji wani abu da ya sa shi kokwanto, ya tambaya ko Pan Am ya bar titi. Kyaftin ya amsa masa da tabbaci, shi kuwa bai sake magana ba. A ganina wannan shiru ya fi hazon illa, domin nauyin babba ya hana ƙarami tsayawa a kan gaskiyar da ya hango. Jiragen suka haɗu, mutum 583 suka rasu: dukan 248 da ke cikin KLM, da 335 na Pan Am, mutum 61 suka tsira.

Mumini ya san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma imani da ƙaddara bai hana bin sababi ba, kuma masu bincike sun bi shi. Aka hukunta cewa kalmar tashi ba za ta ƙara fita daga bakin mai hasumiya ba sai lokacin bayar da izinin tashi ko soke shi, aka keɓe wata kalma dabam domin sauran bayani. Aka ƙarfafa sharaɗin maimaita umarni da lafazinsa, don kada amsa maras ma'ana ta tsaya a matsayin nassi. Aka kuma shigar da wani darasi cikin horon matuƙa, wanda ke wajabta wa ƙarami ya faɗi shakkarsa a fili, ya wajabta wa babba ya saurara.

Gyaran bai kawar da kuskure baki ɗaya ba, domin a 2001 an yi karo a kan titi cikin hazo a filin Linate na Milan, mutum 118 suka mutu, daga baya kuma ICAO ta sa wa matuƙa da masu hasumiya jarrabawar Ingilishi tun daga 2008. Har yau dai ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai na Tenerife yawan mamata ba.