Maho

maho (suna, namiji): ƙyalle ko guntun fata da ake ɗinkewa a kan wurin da ya yage, don kada yagewar ta ƙaru. Ana kuma cewa faci.

A Yasore da sauran garuruwan Batsari da Safana, aikin maho na mutum biyu ne. In yadin kujerar kushin ya kece, tela ke cusa ƙyalle ta ƙarƙashi, ya haɗe bakin da zare mai launin yadin. In tumtum ne ko matashin fata, sai baduku: ya yanko jemammiyar fatar akuya, ya kankare gefenta, ya huda da basilla ya ɗinke.

Ledar kujera kuwa gam ake sa mata, domin allura ƙara keta ta take yi.