Fatoman Kwamfuta: Yadda Manyan Injuna Suka Koyi Karɓar Baƙo

A tarihin fatauci na ƙasar Hausa, wahalar hanya tana da magani: guzuri, jaki da madugu nagari. Babbar matsala ita ce isa garin da ba wanda ya san ka. Falken da ya ɗauko dalmar Riruwai, wadda mutanen garin ke narkawa daga kuza tun kafin zuwan Turawa, ko wanda ya nufi Gwanja sayen goro, yakan sauka ne a gidan fatoma. Shi ke ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Kasuwa ba ta san baƙon ba, amma ta san fatomansa, wannan kuwa ya wadatar.

Irin wannan matsala ce ta taso wa masana kimiyya a Turai da Amurka bayan shekarar 1990. Manyan kwamfutoci masu tsananin sauri, waɗanda ake lissafin yanayi ko ƙwayoyin zarra da su, tsadarsu ta sa cibiyoyi ƙalilan ne suka mallake su. Kowace cibiya da nata dokokin: kalmar sirrinta daban, yadda ake jera ayyuka a layi daban, umarnin da injinta ke ji daban. Mai binciken da ke son amfani da injuna uku sai ya nemi izini sau uku, ya koyi harsuna uku. Su ma masu injin suna da tasu fargaba, domin barin baƙo ya shigo ta intanet kan na'urar miliyoyin daloli ba abin wasa ba ne.

A watan Disamba na 1995, a wani taron masana a birnin San Diyego na Amurka, aka yi gwajin da aka kira I-WAY, inda aka haɗa cibiyoyi 17 suka yi aiki tare na 'yan kwanaki. Daga wannan gwaji ne Ian Foster na cibiyar bincike ta Argonne da abokan aikinsa Carl Kesselman da Steve Tuecke suka gina manhajar Globus, wadda ta fito a 1998. Sun kira tsarin girid, suna kwatanta shi da layin wutar lantarki. Idan muka kunna ƙwai a Kano, ba ma tambayar ko daga Kainji ko Shiroro wutar ta taso. Haka suka so ƙarfin lissafi ya zama.

Jamusawa ma sun kama nasu aikin a 1997, da kuɗin ma'aikatar ilimi da bincike ta ƙasar, cibiyar Jülich tana kan gaba. Sunan manhajarsu UNICORE, ma'ana ƙofa iri ɗaya zuwa ga injunan lissafi. Yadda take aiki ya cancanci mu tsaya a kai, don a nan kamarta da fatoma ta fito sarai. Da farko wata hukuma da kowa ya amince da ita za ta ba mai bincike takardar shaida ta dijital. Sai ya rubuta aikinsa a fasali guda, ba tare da ya damu da wace inji za ta yi shi ba: ga bayanaina, ga yawan ƙarfin da nake buƙata, ga tsawon lokaci. A bakin cibiya akwai mai gadi da ke duba shaidar. Idan ta inganta, wani sashe na manhajar ya fassara aikin zuwa harshen injin gidan, ya sa shi a layi, ya kula da shi har ya kammala, sannan ya mayar wa mai shi sakamako. Cibiya ba ta sauya dokokinta ko ɗaya ba, baƙo kuma bai koyi harshenta ba. Shi ya sa ake kiran irin wannan manhajar tsakiya.

Wurin da tsarin ya nuna amfaninsa a fili shi ne cibiyar CERN da ke kusa da Janeba. Injin karo da ƙwayoyin zarra na can yana fitar da bayanan da suka fi ƙarfin cibiya ɗaya, don haka aka raba aikin ga cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe fiye da 40. Da aka sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012, wannan girid ɗin ne ya tace bayanan. Daga baya kamfanoni masu ba da hayar kwamfuta ta intanet suka janye hankalin mutane da yawa, har masu Globus suka daina kula da tsohuwar manhajarsu a 2018. UNICORE dai tana nan tana aiki, kuma darasin shaida ɗaya mai buɗe ƙofofi da yawa ya zauna daram.

Mu kuma ina muke a wannan labari? Tun kusan 2000 gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'i huɗu a Nijeriya, ciki har da Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, kuma kayan sadarwa na cikin abin da aka kashe wa kuɗin. A 2010 wayar ƙarƙashin teku ta MainOne ta iso Legas, a shekarar ce kuma aka kafa WACREN, ƙungiyar layukan bincike na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN, layin da ya haɗa jami'o'in tarayya 27. Afirka ta Kudu ta yi nisa fiye da haka: a 2016 ta buɗe katafariyar kwamfutarta Lengau a birnin Kef Tawun.

Tarihin girid ya nuna cewa ba dole sai kowace jami'a ta sayi irin wannan inji ba. Ɗalibar ilimin duwatsu da ke son zana yadda jijiyoyin kuza da tutiya suka kwanta a ƙarƙashin tsaunukan Riruwai, ko mai lissafa lokacin saukar damina ga manoman masara na Doguwa da Tudun Wada, abin da suke buƙata shi ne layi mai ƙarfi, wuta mai tsayawa, da jami'ar da za ta shaide su a gaban cibiyoyin duniya. Na ukun ya fi arha, amma ya fi neman haƙuri, domin yana buƙatar rajistar ɗalibai da malamai mai tsabta, da ma'aikatan da za su riƙe ta shekara da shekaru, su cire sunan wanda ya tafi, su amsa idan an kawo ƙorafi.

Kusan rabin dalmar da duniya ke amfani da ita a yau liƙin wayoyin na'urori ake yi da ita, har da na waɗannan manyan injuna. Ƙasar da ta daɗe tana fitar da wannan ƙarfe ta cancanci 'ya'yanta su zauna a gaban injunan da yake riƙe da su. Kafin hakan ya yiwu, sai jami'o'inmu sun zama fatoman da maganarsa ke karɓuwa a kasuwar nesa.