Tarihin tsiren Kalkata da ake naɗewa cikin gurasa

Mai karatu, ka san tsire. To, ga labarin wani tsire na ƙasar Indiya, wanda ya fita daga gidan abinci guda ya zama sana'ar talakawan bakin hanya.

Kalkata babban birni ne na yankin Bangal, a gabashin Indiya, bakin kogin Hugli. Nan ne Turawan Ingila suka aje cibiyar mulkinsu na Indiya har shekara ta 1911. Tun 2001 sunansa a takarda Kolkata. Ƙidayar 2011 ta sami mutum miliyan 4 da rabi cikin birnin, in an gama da kewaye sun wuce miliyan 14.

Gasa nama bisa tsinke tsohuwar sana'a ce ta Musulmin arewacin Indiya. Su suna ce mishi kabab. A 1856 Turawa suka tuɓe Sarkin Awad, Wajid Ali Shah. Ya zo ya zauna gefen Kalkata da jama'arshi, har da masu yi mishi dahuwa. Irin waɗannan baƙi suna cikin waɗanda suka saba ma birnin da girkin arewa.

A 1932 aka buɗe wani gidan abinci mai suna Nizam, kusa da kasuwar da suke kira Sabuwar Kasuwa. Can aka fara zare nama daga tsinke, a sa shi cikin gurasa, a naɗe kamar tabarma. Mi ya kawo dabarar? Wasu sun ce Turawa ne ba su son maiƙo ya taɓa musu yatsu. Wasu sun ce ma'aikatan biro ne masu sauri, ba su da lokacin zama. Ni dai na fi yarda da zance na biyu, don Turawa sun tafi tun 1947, amma cinikin sai ƙaruwa ya yi.

Da farko tsinken ƙarfe ake aiki da shi. An ce a 1964 gidan ya koma ga tsinken gora, don ya fi sauƙin ɗauka da araha. Da harshen Bangali, tsinke shi ne kati. Shi ya sa ake kiran abincin kati rol, wato naɗin tsinke.

Ga yadda ake yin shi. Ana kwaɓa garin alkama da mai, a murza shi ya yi faɗi, a toya bisa babban faranti na ƙarfe. Wannan gurasa ita ce parata. Sai a fasa ƙwai bisa farantin, a kifa gurasar a kai, su manne. A jera nama a tsakiya, a zuba albasa da ɗanyen barkono, a matsa lemun tsami. A naɗe, a sa takarda daga ƙasa. Ba kwano, ba cokali, ba wanki. Mutum na tafiya yana ci, yana yage takardar kaɗan kaɗan. Da yake yawancin mutanen birnin ƴan addinin Hindu ne, ba su cin naman shanu, sai masu tebur suka riƙa yi da kaza, ko akuya, ko cuku, ko ƙwai tsura. Na ƙwai shi ne na mai ƙaramin aljihu.

Yanzu duba abin da ya baza sana'ar. A 1947 aka raba Bangal biyu, gabas ta shiga Pakistan. Mutane bila adadin suka baro gonakinsu suka kwararo Kalkata. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi Bangladash, wasu suka ƙaru. Wanda ba shi da gona, ba shi da aikin albashi, ina za shi? Sai bakin hanya. Wasu suka kasa tufafi, wasu shayi, wasu abinci. Jarin mai naɗi bai taka kara ya karya ba: faranti, murhu, tebur.

Amma bakin hanya ba na mai tebur ba ne. Cikin watan Nuwamba na 1996 hukuma ta fito da katafila cikin dare, ta rushe dubban rumfuna a unguwanni irin su Gariyahat, ta ce sun tare ma masu tafiya a ƙasa hanya. Maganar akwai ƙanshin gaskiya, sai dai an manta da cikin da teburan ke cikawa. Ƴan tebur suka haɗa kai cikin ƙungiya, suka yi ta kai kuka. Sannu a hankali da yawa suka komo wurarensu.

A 2014 majalisar Indiya ta yi doka dominsu. Dokar ta ce kowane gari ya kafa kwamiti, kashi 40 cikin 100 na wakilanshi su zama ƴan tebur. A ƙidaya su, a ba su takardar shaida, kuma kada a kori kowa kafin a gama ƙidayar. Jihar Bangal ta Yamma ba ta fitar da ƙa'idodin aiki da dokar ba sai 2018. A watan Yuni na 2024 aka sake kwashe rumfuna a wasu unguwannin Kalkata. Bayan ƴan kwanaki hukuma ta tsaida aikin, ta ce a fara yin ƙidaya tukuna.